Black Panther: Su Wa Suka Sayi Tikitin Dala Biliyan 1.3?

A shekarar 2018 kamfanin Marvel ya saki manyan fina-finai biyu da mako goma kacal a tsakaninsu. Black Panther ya fita ranar 16 ga Fabrairu, Avengers: Infinity War kuma ranar 27 ga Afrilu. Idan aka haɗa cinikin duniya baki ɗaya, na biyun ya yi wa na farkon fintinkau: ya haura dala biliyan 2, shi kuwa Black Panther ya tsaya a kusan biliyan 1.35. Amma a kasuwar gida, wato Amurka da Kanada, sai reshe ya juye da mujiya. Black Panther ya tara dala miliyan 700, Infinity War ya tsaya a 679. Fim ɗin da ya tattaro kusan dukkan gwarazan Marvel wuri guda, wanda aka shafe shekara goma ana share masa fage, ya zo bayan fim ɗin gwarzo ɗaya da yawancin masu zuwa sinima ba su taɓa gani a majigi ba sai a 2016.

A nan ne zancen yake. Manyan fina-finan Hollywood na wannan zamani sun fi samun kuɗinsu a ƙasashen waje. Kashi ɗaya cikin uku kawai na cinikin Infinity War ya fito daga gida. Na Black Panther kuwa ya haura rabi, wajen kashi 52 cikin 100. Wanda ya bi sawun wannan bambanci zai gane su wa suka ɗauki fim ɗin a kafaɗa, zai kuma gane da wa fim ɗin yake magana tun asali.

Shi gwarzon ba sabo ba ne. Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙire shi a littattafan labarai masu zane na Marvel a watan Yulin 1966: T'Challa, sarkin wata ƙasar Afirka da babu ita a taswira, Wakanda, wadda Turawan mulkin mallaka ba su taɓa takawa ba, take kuma ɓoye da arziki da fasahar da ta fi ta kowa. Tun a 1992 ɗan wasa Wesley Snipes ya yi ta fafutukar mayar da labarin fim, abin bai yiwu ba. Akwai wata tsohuwar magana da ta daɗe tana yawo a ofisoshin Hollywood, cewa fim ɗin da baƙaƙen fata suka cika ba ya kasuwa a ƙetare, saboda haka asara ce a zuba masa kuɗi masu nauyi. Ba a cika faɗinta a fili ba, amma lokacin da aka yi wa kamfanin Sony kutse a 2014, an ga irinta ƙarara a cikin wasiƙun da suka fallasa, ana tattauna wani fim na Denzel Washington. Bob Iger, shugaban Disney na lokacin, kamfanin da ya sayi Marvel a 2009, ya faɗa daga baya cewa sai da ya tsoma baki da kansa kafin a daina jan ƙafa a kan aikin.

Da aka tashi yi, ba a yi rowa ba. An kashe kimanin dala miliyan 200, aka miƙa ragamar ga Ryan Coogler, matashin darakta ɗan Oakland da bai cika shekara 30 ba a lokacin, wanda fina-finai biyu kacal ya yi kafin nan. Chadwick Boseman ya fito a T'Challa, Michael B. Jordan a abokin gabarsa Killmonger, ga Lupita Nyong'o da Danai Gurira da Letitia Wright da Angela Bassett. Turawa biyu ne kawai ke da rawa mai tsoka a ciki. An taɓa yin gwarzo baƙar fata a baya, Blade na 1998 shaida ne, amma ba a taɓa sa irin wannan jari a kan fim da darakta, marubuta, da kusan dukkan 'yan wasansa baƙaƙe ne ba.

Masu hasashen kasuwa sun fara da cewa zai yi dala miliyan 100 zuwa 120 a kwanakin buɗewa. Kullum aka wayi gari sai su ƙara. Duk da haka ba su cim masa ba: a gidajen sinima sama da 4,000, ya tara miliyan 202 daga Juma'a zuwa Lahadi, da aka haɗa da Litinin ɗin hutun ranar shugabannin ƙasa ya kai 242. Kafin nan Deadpool ne ke riƙe da kambun watan Fabrairu da miliyan 132, wata ne da a da ake ɗauka lokacin zubar da fina-finan da ba a sa rai da su.

Buɗewa mai ƙarfi kaɗai ba ta tabbatar da komai. Talla ce ke cika kujeru a makon farko, bakin 'yan kallo ne ke cika su a na biyu. Shekara biyu kafin nan, Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166, mako na zagayowa ciniki ya rufta da kashi 69 cikin 100, domin waɗanda suka fara kallo sun fito suna tsaki. Bai wuce miliyan 330 a gida ba, wato ninki biyu na buɗewarsa. Black Panther ya sauka da kashi 45 kawai, ya sake ɗiban kusan miliyan 112 a ƙarshen mako na biyu, ya zauna a matsayi na ɗaya mako biyar a jere, abin da rabon a gani tun Avatar. Cikin ƙasa da wata guda ya tsallake dala biliyan 1 a duniya. Ko da Infinity War ya fito a Afrilu, maimakon ya kashe masa kasuwa, sai ya farfaɗo da ita, mutane suka koma kallon Wakanda kafin ko bayan sabon. Haka ya yi ta tafiya har farkon Agusta, lokacin da ya taɓa miliyan 700, fim na uku a tarihi da ya kai wannan adadi a gida. Kamfanin CinemaScore, wanda ke tsayawa a ƙofar sinima daren farko yana tambayar masu fitowa, ya samu makin A+, mafi girma a ma'auninsa. A shafin Rotten Tomatoes, sama da kashi 95 cikin 100 na masu sharhi sun yaba.

To su wa ke cikin waɗannan kujeru? Ƙididdigar makon farko ta nuna kashi 37 cikin 100 baƙaƙen Amurka ne, 35 fararen fata, 18 'yan asalin Latin Amurka. A irin waɗannan fina-finai baƙaƙe ba su cika wuce kashi 15 ba, a yawan jama'ar ƙasar ma wajen kashi 13 ne. Mata sun kai kashi 45, sama da yadda aka saba. Alƙaluman sun nuna abu biyu. Baƙaƙe sun fito ninki biyu da ɗoriya na yadda suka saba, sauran jama'a kuma ba su ƙaurace ba. Da ɗayan biyun ya rasa, ba za a kai miliyan 700 ba.

Abin da alƙaluma ba za su nuna ba shi ne yadda aka yi fitowar. A watan Janairu, wani mazaunin New York mai suna Frederick Joseph ya buɗe asusun tara kuɗi a GoFundMe domin a kai yaran unguwar Harlem su kalli fim ɗin kyauta. Ya nemi dala 10,000, aka ba shi sama da 40,000. Sai ya ƙalubalanci wasu su yi haka a garuruwansu, ɗaruruwan asusu suka buɗe. 'Yar wasa Octavia Spencer ta saye kujerun sinima guda a jihar Mississippi ta raba. Majami'u, makarantu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu shagunan aski suka riƙa yin hayar zaure sukutum. Mutane suka je kallo cikin atamfa da kente da manyan riguna da ɗaurin kai, wasu da kaɗe-kaɗe a harabar sinima. Abin ya fi kama da gayya a gona fiye da zuwa kallon fim: kowa ya san ba don kansa kaɗai ya fito ba, akwai aikin da ake so a gama tare. Aikin kuwa a bayyane yake, mutane sun faɗe shi da bakinsu a Twitter da Facebook, a nuna wa Hollywood da kuɗi, yaren da take ji, cewa tsohuwar maganar nan ƙarya ce. Shi ya sa da yawa suka kalla sau biyu, sau uku, suka ja iyaye da kakannin da rabonsu da sinima an yi shekaru. Zuwa watan Maris, Twitter ya sanar cewa ba a taɓa yin fim da aka yi maganarsa a dandalin kamar wannan ba, saƙo sama da miliyan 35.

A ganina wannan shi ne abin da kamfani ba zai iya saya ba. Disney ya kashe maƙudan kuɗi a talla, ya zaɓi Fabrairu, watan tunawa da tarihin baƙaƙe a Amurka, ya sa Kendrick Lamar ya haɗa kundin waƙoƙi. Duk dabaru ne na kasuwa kuma sun yi aiki. Amma babu sashen talla da zai sa malamar makaranta ta bi gida-gida tana tara kuɗin tikitin yara arba'in. Yunwa ce ta shekaru ta samu abinci, kuma aka yi sa'a abincin ya yi daɗi. Da fim ɗin ya zo da rauni, zumuɗin zai ƙare a mako ɗaya.

Akwai waɗanda suka so ɓata lamarin. Kafin fim ɗin ya fita, wani rukuni a Facebook ya yi gangamin a je a dabaibaye makin 'yan kallo a Rotten Tomatoes da ƙananan ƙuri'u. Facebook ya rufe rukunin. A makon buɗewa kuma wasu suka yaɗa hotunan mutane jina-jina, wai an doke su a sinima don su farare ne, aka bincika aka ga tsofaffin hotuna ne daga wasu wurare. Babu ɗayan biyun da ya taɓa ciniki.

A ƙetare, sakamakon ya zo da fuska biyu. Dala miliyan 647 ba kuɗin wasa ba ne, sun isa su binne zancen cewa fim ɗin baƙaƙe ba ya fita waje. Birtaniya ta ba da wajen miliyan 70, Koriya ta Kudu, inda aka ɗauki tseren motoci a birnin Busan, ta ba da sama da 40. A Saudiyya, shi ne fim ɗin da aka buɗe sinimar farko da shi a Riyad ranar 18 ga Afrilu, bayan haramcin sama da shekara 30. Amma a Sin ya buɗe da kimanin miliyan 66 ya ƙare a wajen 105, wato fiye da rabin kuɗin a kwana ukun farko aka same su, daga nan sha'awa ta yi sanyi. Ɗan kallo a Shanghai ya ga fim ɗin Marvel mai kyau ne kawai. Ciwon da labarin ke taɓawa, na bauta da wariya da yaron da aka bari a unguwar talakawa ta Oakland, wato Killmonger, ba nasa ba ne. Ga kamfani kuwa dalar gida ta fi dalar Sin albarka, domin a Amurka yana karɓar rabin kuɗin tikiti ko fiye, a Sin kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan na cikin dalilan da suka sa mujallar Deadline ta ƙiyasta ribar fim ɗin a kusan dala miliyan 477, dab da ta Infinity War duk da tazarar miliyan 700 da ke tsakanin cinikinsu.

Sai Afirka, nahiyar da aka ari kamanninta. An yi murna ta gaske a Legas, Akra, Nairobi da Johannesburg, an kafa tarihin ciniki a yamma da gabas da kudancin nahiyar. Ga duk wanda ya gaji da ganin Afirka a majigi cikin yunwa da yaƙi, akwai abin sanyaya rai. Ruth Carter, mai tsara sutura, ta ɗebo bargon Basotho na Lesotho, zobban wuya na Ndebele, duwatsun ado na Masai, hular matan Zulu, da rawani da shuɗin tufafin Buzaye. Harshen Wakanda isiXhosa ne na Afirka ta Kudu, wanda dattijon ɗan wasa John Kani ya kawo. Mai kiɗa Ludwig Göransson ya je Senegal ya bi Baaba Maal yawon wasa, shi ya sa ake jin muryar Maal da Fulatanci lokacin da aka fara shiga Wakanda, ga kuma gangar tama, 'yar uwar kalangu, tana kiran sunan sarki.

Amma a zo ga lissafi. Afirka ta Kudu, kasuwa mafi girma a nahiyar, ta ba da rand miliyan 100 da 'yan kai, dala miliyan 8 da ɗoriya. A Najeriya an samu sama da naira miliyan 800, wanda a canjin wancan lokaci bai kai dala miliyan 3 ba. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 200 ba ta ba da ko kashi ɗaya cikin ɗari huɗu na cinikin ba. Ba rashin so ba ne. A lokacin, gidajen sinima na zamani a faɗin ƙasar ba su kai 100 ba, yawancinsu a Legas da Abuja da Fatakwal, tikiti kuma ya fi ƙarfin mai neman na yau. A Arewa, mafi yawan masu kallon irin waɗannan fina-finai a waya suke gani, daga shagon masu tura fina-finai, ko a gidan kallo na unguwa, kuma babu kobo ɗaya na wannan da ke shiga littafin Disney.

Wanda bai sa kuɗi ba, ba a cika tambayar ra'ayinsa ba, kuma ana ganin alamar haka a cikin fim ɗin. Tun a farko-farko an rubuta a majigi cewa ana dajin Sambisa ne a Najeriya. Ayarin motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sace, sanye da hijabi, sai T'Challa ya diro daga jirgi ya gama da maharan cikin 'yan mintuna. Ba a ambaci Boko Haram ba, amma kowa ya gane 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014 ake nufi. Ɗaya daga cikin maharan har da rantsuwa da wallahi yana barazanar harbi, abin da ya sa wasu Musulmi masu sharhi suka koka cewa wurin da Musulunci ya fi fitowa fili a fim ɗin shi ne a bakin ɗan ta'adda. Kwana uku bayan fitowar fim ɗin, ranar 19 ga Fabrairu, aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta Dapchi a jihar Yobe. Ga mai kallo a Atlanta, inda aka ɗauki mafi yawan fim ɗin, wannan fage gabatarwa ce da ke nuna bajintar sarki kafin a shiga ainihin labari. Ga iyaye a Borno da Yobe, raunin da bai warke ba ne. Ban ga mugun nufi a abin da Coogler ya yi ba, har ma ya sa Nakia, 'yar leƙen asirin Wakanda da ke cikin matan, ta hana a kashe wani yaro cikin maharan domin shi ma sato shi aka yi, kuma wannan gaskiya ce da mutanen yankin suka sani. Sai dai an taɓa babban al'amari an wuce da sauri, saboda ba shi ne damuwar waɗanda aka yi fim ɗin dominsu ba.

Damuwarsu ita ce Killmonger. Shi ne ɗan sarautar Wakanda da aka yasar a Amurka, ya tashi cikin marayci da fushi, ya dawo yana tambayar dalilin da ya sa 'yan uwansa masu ƙarfi suka naɗe hannu ana bautar da baƙaƙe. A fagen da ya fara bayyana yana babba, yana tsaye ne a gidan tarihi a Landan yana tuhumar ma'aikaciya kan yadda kayan Afirka suka zo hannunsu, zancen da duk wanda ya san kwasar kayan fadar Benin a 1897 zai ji a jikinsa. Muhawara mafi zafi tsakanin masoya fim ɗin a kansa aka yi. Dubbai suka riƙa rubuta cewa shi ke da gaskiya. Masanin falsafa Christopher Lebron ya rubuta a Boston Review cewa fim ɗin ya mayar da baƙin Amurka mugu, ya kuma mayar da jami'in CIA farar fata abokin arziki. Daga Kenya, Patrick Gathara ya soki yadda ƙasar da ta fi kowa ilimi take zaɓen shugaba ta hanyar kokawa a bakin ruwa, ya ce tsohon hoton da Turawa suka zana wa Afirka ne aka yi wa sabon fenti. Ina ganin duka sukar biyu suna da tushe. Amma ita kanta gardamar ta ƙara wa fim ɗin kasuwa, domin ba a shiga musu a kan abin da ba a kalla ba.

A bikin Oscar na 2019 ya shiga takara a rukuni bakwai, ciki har da gwarzon fim na shekara, karo na farko ga irin wannan fim. Ya ci uku: sutura, tsara fage, da kiɗa. Ruth Carter da Hannah Beachler suka zama baƙaƙen fata na farko da suka ci kyautar a rukunansu.

Ranar 28 ga Agustan 2020 Chadwick Boseman ya rasu yana da shekara 43. Sai a lokacin duniya ta san tun 2016 yake fama da ciwon dajin hanji, wato da cutar a jikinsa ya yi fim ɗin. Marvel ya yanke shawarar ba zai ba wani matsayin T'Challa ba. Masoya suka rabu. Wasu suka ce girmamawa ce, wasu suka tara sa hannu suna roƙon a naɗa wani ɗan wasa, hujjarsu ita ce yaran da aka kai sinima a 2018 sun samu gwarzo mai kama da su, bai kamata a binne shi tare da wanda ya taka rawarsa ba. Fim na biyu, Wakanda Forever, ya fita ranar 11 ga Nuwamban 2022, ya buɗe da dala miliyan 181, ya ƙare da kusan miliyan 859 a duniya. Kuɗi ne da kowane kamfani zai yi maraba da su, amma sun gaza na farko da kusan miliyan 490. Babu jarumin, ba a nuna shi a Sin ba sai bayan wata uku, fim ne na makoki mai tsawo da ba kowa zai so maimaitawa ba, sannan hujjar da aka fito kafawa a 2018 an riga an kafa ta.

A wannan karon Disney ya waiwayi Najeriya. An yi bikin ƙaddamarwa a Legas a farkon Nuwamba, da Coogler da manyan 'yan wasan, karo na farko da Marvel ya yi haka a ƙasar. An sa Burna Boy da Rema da Fireboy DML a kundin waƙoƙin, Tems kuma na cikin marubutan waƙar da Rihanna ta rera. 'Yan kallo suka rama alheri: shi ne fim na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinimomin ƙasar. Sai dai naira ta riga ta faɗi, idan aka juya kuɗin zuwa dala da ƙyar suka kai abin da na farko ya samu. Kambun ma bai daɗe a hannunsa ba. A Janairun 2024, A Tribe Called Judah na Funke Akindele, fim ɗin gida da aka yi da ɗan ƙaramin kaso na jarin Marvel, ya tsallake biliyan 1, ya ci gaba har wajen naira biliyan 1.4.